Mutum 48 a jirgin mutum 14: nazarin kifewar Ethan Allen a Tafkin George

Ranar Lahadi 2 ga Oktoba, 2005, gab da ƙarfe uku na rana, wani ƙaramin jirgin yawon buɗe ido mai suna Ethan Allen ya kife a Tafkin George da ke jihar New York ta Amurka. Gari garau yake, babu hadari, babu iskar kirki, injin yana aiki, kuma jirgin bai yi karo da komai ba. Fasinja 47 ne a ciki, akasarinsu dattawa daga jihar Michigan, sai matuƙi ɗaya. Kusa da wani wuri da ake kira Cramer Point matuƙin ya hango igiyar ruwa ta nufo shi, ya murɗa sitiyari dama don ya tare ta da goshin jirgi. Jirgin ya karkata hagu, mutanen da ke zaune kan dogayen bencina suka zame suka taru a gefen da ya yi ƙasa, cikin 'yan daƙiƙoƙi cikinsa ya koma sama. Daga baya ya nutse a ruwa mai zurfin kimanin mita 20. Masu ƙananan jirage da ke kusa ne suka tsamo waɗanda suka tsira. Mutum 20 suka rasu.

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari shi ne, bisa takarda, ba a yi lodin wuce kima ba. Takardar izinin jirgin ta ce zai ɗauki fasinja 48 da ma'aikata biyu, ranar kuwa mutum 48 ne duka-duka. Amma da hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, NTSB, ta kammala aikinta a watan Yuli na 2006, sai ta ce a yadda jirgin yake ranar da ya kife, mutum 14 kacal ya kamata a ba shi izinin ɗauka. Tsakanin 14 da 48 akwai tarihi na shekara arba'in.

Yadda lambar 48 ta tsufa ba wanda ya lura

An ƙera jirgin a 1964 a garin Warren na jihar Rhode Island, tsawonsa kimanin mita 12, gangar jikinsa ta roba mai zaren gilashi. A lokacin a buɗe yake, ba rumfa. A haka rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta san shi, a haka kuma aka yanka masa adadin mutanen da zai ɗauka. Daga baya aka kafa masa rumfar tamfol a kan ƙarafa. A 1979 aka sayar da shi aka kai shi Tafkin George, wanda ruwa ne na cikin jiha, don haka sa ido a kansa ya koma hannun hukumomin New York. Su kuma suka karɓi tsohuwar lambar yadda suka gan ta. A 1989 aka cire rumfar tamfol aka yi ta katako mai tagogin roba. Duk wannan sauyi da aka yi, ba a sake gwada tsayuwar jirgin ba, domin babu wata ƙa'ida bayyananniya da ta tilasta hakan. Sufetoci suna zuwa duba shi, suna ƙirga rigunan ceto, suna duba inji da na'urar kashe gobara, amma lambar tana nan daram.

Rumfa tana cutar da tsayuwar ƙaramin jirgi ta hanya biyu. Ta farko nauyi ne a sama. Jirgi yana tsaye ne saboda ƙarfi biyu: nauyinsa yana danna shi ƙasa ta wani wuri da ake kira cibiyar nauyi, ruwa kuma yana tura shi sama. Idan ya karkata, turin ruwan yakan matsa zuwa gefen da ya nutse, sai 'yar tazarar da ta samu tsakanin ƙarfin biyu ta zama kamar hannun da ke miƙar da shi. Duk kilon da aka ɗora a sama yana ɗaga cibiyar nauyi, yana rage tsawon wannan hannun. Wanda ya taɓa ganin motar gawayi da aka yi wa lodi har sama tana shan kwana ya san abin da ake nufi. Hanya ta biyu ita ce iska: rumfa, musamman mai tagogi, bango ce da iska ke bugu daga gefe, kuma tana bugunta ne can sama da ruwa inda ƙarfinta ya fi tasiri.

Akwai alamar da matuƙa ya kamata su sani. Jirgi mai ƙarfin tsayuwa idan ya karkata yakan dawo da sauri, da 'yar fizga, har fasinja su yi ƙorafi. Wanda cibiyar nauyinsa ta hau kuwa, lilonsa a hankali yake, ya tafi gefe ya ɗan yi jinkiri kafin ya dawo. Fasinja sun fi jin daɗin wannan, alhali shi ne abin tsoro.

Matsala ta biyu nauyin mutum ce. Ƙa'idar da aka yi amfani da ita ta ɗauka cewa kowane fasinja, idan an haɗa maza da mata da yara a ruwa mai kwanciya, nauyinsa fam 140 ne, wato kilo 63 da rabi. Waɗanda ke cikin Ethan Allen ranar, matsakaicin nauyinsu ya kai kusan kilo 80. Ratar kilo 16 ko 17 ga mutum ɗaya ba ta da yawa a ido, amma idan aka ninka ta sau 48 ta kai kimanin kilo 800, kwatankwacin buhun siminti 16 da ba ya cikin lissafin kowa. Kuma nauyin mutum a sama yake, a kan benci, inda yake ƙara ɗaga cibiyar nauyi.

Ta uku tsarin zama ne. Bencinan hagu na mutum uku-uku ne, na dama na mutum biyu-biyu. Da jirgin ya cika, tun daga bakin gaɓa ya riga ya karkata hagu da kimanin digiri biyu. Da matuƙin ya juya dama da sauri, juyin ya ƙara tura jirgin waje, wato hagun nan dai. Igiyar ruwa ta ƙara nata. Sai mutane suka zame, kuma zamewar mutum tana ƙara karkatar da ke sa na kusa da shi ya zame. Hukumar ta NTSB ta haɗa abubuwan nan uku, igiya da juyi mai kaifi da zamewar fasinja, ta ce jirgin ba shi da tsayuwar da zai jure su a tare. Babu ɗaya cikinsu da ya zama baƙon abu a tafkin da jirage ke kai-kawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An yi ta magana kan cewa ƙa'idar jihar ta buƙaci ma'aikaci na biyu kuma babu shi ranar. Laifi ne, amma a ganinmu da yana nan da ya zama mutum na 49 a jirgin mutum 14. Haka batun rigunan ceto: suna cikin jirgin, ba wanda ya sa, kuma kifewar ba ta bar lokacin da za a ɗauko su ba.

Gwajin da ba a yi ba

Kwana uku bayan hatsarin, masu bincike suka ɗauki wani jirgin kamfanin mai ƙira iri ɗaya, de Champlain, suka yi masa gwaji da durorin ruwa a madadin mutane. Ba su kai ƙarshe ba. Tun kafin a gama mayar da nauyin da ƙa'ida ta ce zuwa gefe, jirgin ya karkata har aka ga ci gaba ganganci ne, aka dakatar. Gwajin yini guda ya nuna abin da shekaru na takardu ba su nuna ba.

Ga yadda wannan sauƙaƙƙen gwaji yake a ƙa'idar Amurka ta ƙananan jiragen fasinja. Ba ya buƙatar zanen jirgi ko kwamfuta.

Ana kai jirgin ruwa mai kwanciya, ranar da ba iska, a sassauta igiyoyin ɗauri yadda ba za su riƙe shi ba idan ya karkata. Dole ya kasance a yadda yake aiki: inji, anga, kujeru, rumfa, rigunan ceto, komai a wurinsa. A kwashe ruwan da ya taru a ƙasansa tas. Tankunan mai da na ruwa su kasance an cika su kashi uku cikin huɗu. Sai a ɗora nauyin da ke wakiltar mutane, a rarraba shi yadda mutane ke zama, kuma a ɗaga shi zuwa tsayin da nauyin mutum yake, kimanin santimita 76 daga daɓe ga wanda ke zaune. Wannan wuri ne da ake yawan yin kuskure. Idan aka zube buhunan yashi a daɓen jirgi, sun zama nauyin da ke ƙara masa tsayuwa, sai jirgin da bai cancanta ba ya ci gwaji.

Da an gama lodi, a auna tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi a inda ta fi ƙanƙanta. Ga jirgi buɗaɗɗe, wanda ruwa zai shiga cikinsa kai tsaye idan ya haura baki, kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tazara kawai aka yarda ya nutse yayin gwaji. Mai rufaffen daɓe an yarda masa rabi. A ja layi da alli ko fenti a jikin jirgin a daidai wurin. Kuma ko yaya ƙirar take, karkatar ba za ta wuce digiri 14 ba.

Sai lissafi biyu. Na farko na turmutsitsin fasinja: jimillar nauyin mutane, a ninka da faɗin wurin da za su iya takawa, a raba da shida. Wannan rabawa da shida daidai take da a ce mutum biyar cikin kowane shida sun koma ɓangare ɗaya. Na biyu na iska: faɗin duk abin da iska za ta buga daga gefe a saman ruwa, a ninka da tsayin tsakiyarsa daga ruwa, a ninka da ƙarfin iska, wanda aka ƙayyade kilo 36.6 a kan kowace murabba'in mita a ruwa mai kariya, 48.8 a mai matsakaiciyar kariya, 73.2 a buɗaɗɗen teku. Wanda ya fi girma cikin lissafin biyu, da shi ake gwaji.

Bari mu ɗauki misali na lissafi kawai. Jirgi ne buɗaɗɗe da ake so ya ɗauki mutum 20, kowane kilo 84, jimilla kilo 1,680. Faɗin cikinsa mita 2.4. Lissafin fasinja ya ba da 672. Ma'ana, idan ana ɗauke nauyi daga wannan gefe zuwa wancan a tazarar mita 1.6, sai an mayar da kilo 420, nauyin mutum biyar. Gefen jirgin da iska ke bugu murabba'in mita 12 ne, tsakiyarsa mita 1.1 daga ruwa, lissafin iska a ruwa mai kariya ya ba da 483. A nan na fasinja ne babba. To, a kafa masa rumfa da labulen gefe, faɗin ya zama 22, tsayin tsakiya ya zama mita 1.5. Lissafin iska ya tashi zuwa 1,208, kusan ninki biyu na na fasinja, kuma ba mu ma sa nauyin rumfar kanta ba. Jirgi ɗaya ne, sunansa bai canza ba, lambar rajistarsa ba ta canza ba, amma gwajin da zai fuskanta ya ninka tsanani.

A misalin nan, idan tazarar baki santimita 60 ce, layin alli zai kasance santimita 15 sama da ruwa. A jirgin da faɗinsa na waje mita 2.6 ne, karkatar da ba ta kai digiri bakwai ba ta isa ta kai ruwa kan layin. Saboda haka buɗaɗɗen jirgi yakan faɗi ne ta wajen baki tun kafin a zo maganar digiri 14. Dalilin tsananin kuwa a fili yake. Rufaffen jirgi zai iya tsoma gefensa ya tashi. Buɗaɗɗe da zarar bakinsa ya sha ruwa, ruwan ya ƙara masa nauyi a gefen da ya riga ya yi ƙasa, bakin ya ƙara nutsewa, shi ke nan.

Ana mayar da nauyin ne kaɗan-kaɗan, ana duban layi bayan kowane mataki, mutum ɗaya yana lura da zare mai ɗauke da ƙarfe irin na magina da aka rataye a tsakiyar jirgi don auna karkata. Idan ƙarin nauyi iri ɗaya ya fara haifar da karkatar da ta fi ta baya girma, a tsaya nan take, jirgin ya fara rasa ƙarfin miƙewa. A ɗaure duk abin da aka ɗora kada ya gangara. In da duro ko jarka ake gwaji, a cika su maƙil a toshe, don ruwan da ke kai-kawo a cikin rabin duro yana ɓata sakamako. A gwada hagu, a gwada dama. Jirgin da ya faɗi sai a rage adadin mutane a sake, har a sami lambar da ya ci da ita, kuma wannan ce lambar da za a rubuta a jikinsa.

Maganar rabin duro ta kai mu ga ruwan da ke kwance a ƙasan jirgi, wanda yawancin matuƙa ke rainawa. Illarsa ba ta tsaya ga nauyinsa ba. Duk gefen da jirgi ya karkata can yake gudu, kamar fasinjan da ba ya jin tsawa. Kuma illar tana ƙaruwa ne da faɗin wurin da ruwan ke yawo ninki uku a kan kansa: in faɗin ya ninka biyu, illar ta ninka takwas. Shi ya sa katanga guda da aka sa a tsakiyar ƙasan jirgi daga gaba zuwa baya take mayar da illar kashi ɗaya cikin huɗu. Ruwa mai zurfin yatsa huɗu a faffaɗan jirgi ya isa ya cinye rarar tsayuwar da gwaji ya tabbatar.

Abin da ya biyo baya

Ethan Allen ba shi ne gargaɗin farko ba. A ranar 6 ga Maris, 2004, wani jirgin tasi mai suna Lady D ya kife a tashar ruwan Baltimore da mutum 25 lokacin da guguwa ta taso, biyar suka rasu. Shi ma an lissafa shi da kilo 63 da rabi, alhali matsakaicin nauyin mutanen cikinsa kusan kilo 76 ne. Kuma shi ba a taɓa gwada shi da kansa ba, an ɗauke shi a matsayin ɗan'uwan wani jirgi ne aka ba shi lambar wancan, daga baya aka gano ba daidai suke ba. Wata goma sha tara ne tsakanin hatsarin biyu.

Bayan na Tafkin George, jihar New York ta ɗaga nauyin da take lissafi da shi zuwa fam 174. Rundunar tsaron gaɓar teku ta ɗauki lokaci, sai 1 ga Disamba, 2011 sabon ma'auninta na fam 185, kimanin kilo 84, ya fara aiki, kuma jirage da yawa sun rage adadin fasinjansu saboda shi. A Turai ƙa'idar ISO 12217 ce ke kula da tsayuwar ƙananan jirage, ta kasu uku bisa tsawon jirgi da ko na inji ne ko na filafilan iska, tana lissafa mutum a kilo 75, tana kuma raba jirage aji huɗu gwargwadon iska da igiyar da za su jure. Aji na ƙarshe na ruwa ne mai kwanciya, inda igiya ba ta cika wuce santimita 30 ba. Ita ma tana da gwajin tara nauyi a gefe guda da auna tazarar da ta rage kafin ruwa ya shiga.

A ganinmu gyaran nauyi shi ne mafi sauƙi cikin darussan, don lamba ce ake gogewa a rubuta wata. Mai wuya shi ne tilasta sake gwaji duk lokacin da aka taɓa jirgi, domin sauyin da ke kashe tsayuwa ba ya kama da babban aiki. Rumfa ce don rana, ko sabon inji da ya fi tsohon nauyi, ko ƙarin benci, ko janareta da aka ɗora a sama don kada ruwa ya taɓa shi. Kowanne da kyakkyawar niyya ake yinsa, kuma kafinta ko makanikin da ya yi aikin ba hurumin sa ba ne ya tambayi inda cibiyar nauyi ta koma. Dole mai jirgi ya rubuta kowane sauyi da nauyinsa da tsayin inda aka sa shi, sufeto kuma ya riƙa kwatanta jirgin da ke gabansa da hoton ranar da aka gwada shi.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan labari. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a ruwan Bagwai na jihar Kano da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau, aƙalla 29 suka rasu, kuma lodi aka ɗora wa alhaki. Bayan kowane irin wannan rashi akan ce kada a wuce kima. Sai dai kimar nawa ce, kuma wa ya auna ta? A Tafkin George an yi biyayya ga lambar da ba ta da tushe, a yawancin mashigan ruwanmu kuwa lambar ma babu, ido ne da sabo.

Kayan gwajin suna kowace kasuwa. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce da ɗoriya, uku sun tsaya a matsayin baligi ɗaya, kuma a kan benci za a jera su, ba a ƙasa ba. Sai tef na awo, alli, zare da ƙarfe. A yi shi a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, da mutum biyu ko uku da suka iya iyo, sanye da rigar ceto. A sa kaya cikin lissafi, don babur ɗaya ya fi mutum nauyi, buhun hatsi babba ma haka, kuma wurinsu ƙasan jirgi ne a ɗaure. Dogon kwale-kwalen katako mai ƙaramin faɗi yakan gaza tun a tazarar baki, saboda haka bayan an sami lambar, a ja layin fenti mai haske a jikinsa daga waje a daidai inda ruwa ya tsaya da cikakken lodi. Fasinjan da ke bakin gaɓa bai san lissafin cibiyar nauyi ba, amma zai iya ganin ko layin yana sama da ruwa ko ya nutse. Katako kuma yana shan ruwa yana ƙara nauyi da tsufa, don haka a maimaita gwajin kowace shekara kafin ruwa ya cika, da kuma duk ranar da aka ɗora wa jirgin rumfa ko aka canza masa inji.